Farfesa Wangari Maathai (1940-2011): Malamar Jami'ar da Ta Tsare Daji da Filin Jama'a

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, mukan ga iyaye a nan Hayin Banki suna sallama a ƙofar gidajenmu da takardun 'ya'yansu a hannu, ransu a ɓace. Yaro ya nemi karatun likita ko na lauya, sai aka ba shi ilimin gandun daji, ko ilimin dabbobi, ko labarin ƙasa. Abin da ke damun uba shi ne aikin da yaron zai yi idan ya gama. Wasu har sukan zaunar da yaro a gida shekara ɗaya ko biyu yana sake jarrabawa, gudun kada a ce ɗansu ya karanta itatuwa.

Mu da muka shafe fiye da shekara talatin da alli a hannu mun lura cewa nasiha ba ta cika shiga kunne kamar labarin wanda ya bi hanya ya kai ƙarshenta ba. Shi ya sa a wannan fitowa ta mujallar ƙungiyarmu muka zaɓi kawo tarihin Farfesa Wangari Maathai, 'yar ƙasar Kenya, wadda ta fara da karatun halittu, ta koyar a jami'a, ta shiga siyasa saboda muhalli, ta zama mataimakiyar minista a ma'aikatar da ke kula da dazuzzuka da namun daji. Ba 'yar garinmu ba ce, amma matsalolin da ta tunkara, wato ƙarancin icen girki, ƙafewar rafuka da yanka filayen jama'a, duk mun san su a ƙofar gida.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Wangari Muta ranar 1 ga Afrilu, 1940, a ƙauyen Ihithe da ke gundumar Nyeri, cikin tsaunukan tsakiyar Kenya, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Birtaniya. Iyayenta manoma ne 'yan ƙabilar Kikuyu. Da yake Turawa sun riga sun mamaye mafi albarkar ƙasar noma, mahaifinta ya koma aikin tuƙi da kanikanci a gonar wani Bature kusa da garin Nakuru. A 1947 ta dawo Ihithe tare da mahaifiyarta, domin babu makaranta a gonar da yayyenta maza za su shiga. Ɗaya daga cikin yayyen nan ne ya tambayi dalilin da ya sa ita ba ta zuwa makaranta, kuma tambayar tasa ce ta sa aka rubuta sunanta a firamare tana da shekara 8.

Kusa da gidansu akwai wata ƙatuwar bishiya, dangin ɓaure da cediya da gamji, wadda mutanen Kikuyu suke girmamawa, ba sa sara ta, ba sa ko tsintar ƙirare a gindinta. Daga ƙarƙashinta wani ɗan rafi yake ɓuɓɓugowa, inda Wangari take ɗebo wa mahaifiyarta ruwa tana wasa da ƙwayayen kwaɗi. Bayan shekaru, da ta dawo daga karatu, ta tarar an sare bishiyar don a faɗaɗa gonar shayi, rafin kuma ya ƙafe. A littafin tarihin rayuwarta mai suna Unbowed, wanda ya fito a 2006, ta nuna cewa wannan abu bai taɓa barin zuciyarta ba.

Neman Ilimi

Tana da shekara 11 ta shiga makarantar kwana ta St. Cecilia a Nyeri, kuma tana can dokar ta-ɓaci ta yaƙin Mau Mau ta fara aiki a 1952. Ta fito ta ɗaya a ajinta a 1956, ta wuce sakandaren 'yan mata ta Loreto da ke Limuru, ta kammala a 1959. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, Kenya tana shirin samun nata, sai ɗan siyasar nan Tom Mboya ya haɗa kai da gidauniyar gidan Kennedy aka kwashi ɗalibai kimanin 300 zuwa Amurka. Wangari tana cikinsu. Ta yi digiri na farko a ilimin halittu a kwalejin Mount St. Scholastica da ke jihar Kansas a 1964, sannan ta yi na biyu a Jami'ar Pittsburgh a 1966.

Ta dawo gida da takardar alkawarin aiki a sashen nazarin dabbobi na Kwalejin Jami'a ta Nairobi, amma da ta je kama aiki aka shaida mata cewa an bai wa wani. Ita dai ta ɗauki abin a matsayin wariyar ƙabila da ta jinsi. Bayan watanni biyu tana neman aiki, wani malami Bajamushe, Farfesa Reinhold Hofmann, ya ɗauke ta a sashen nazarin ƙirar jikin dabbobi na makarantar likitancin dabbobi. A 1967 ta tafi Jamus, ta yi bincike a jami'o'in Giessen da Munich. A 1969 ta auri Mwangi Mathai, a 1971 kuma Jami'ar Nairobi ta ba ta digiri na uku bisa binciken da ta yi kan yadda gaɓoɓin haihuwa suke samuwa a jikin shanu. Ita ce mace ta farko a Gabashi da Tsakiyar Afirka da ta kai wannan mataki.

Rayuwar Jami'a

Ta hau matakan aikin jami'a ɗaya bayan ɗaya: babbar malama a 1975, shugabar sashe a 1976, mataimakiyar farfesa a 1977. A lokacin, malamai mata masu aure ba sa samun wasu haƙƙoƙin da takwarorinsu maza ke samu, bisa hujjar cewa miji ne ke ɗaukar nauyinsu. Ta tsaya ta nemi a daidaita, an kuma biya mata wasu daga cikin buƙatun.

Aikin bincike ne ya fitar da ita daga ɗakin gwaje-gwaje. Tana nazarin wata cutar shanu da kaska ke yaɗawa, don haka takan shiga ƙauyuka tana tsintar kaska a jikin dabbobi. Abin da ta gani ya fi kaska girma. Shanun sun rame ƙashi da fata saboda rashin ciyawa, koguna sun yi ja da laka saboda ruwan sama yana kwashe ƙasar noma daga gangaren da aka sare wa itatuwa. A tarurrukan Majalisar Matan Kenya ta Ƙasa kuma, matan karkara suna kukan cewa ice ya yi nisa, ruwa ya yi wuya, yara suna fama da tamowa domin iyaye sun koma dafa abin da ba ya cin ice da yawa. Sai ta haɗa lissafi ta ga cewa ramar saniya da tamowar yaro da jan ruwan kogi duk tushensu ɗaya ne.

Mu ma a nan Arewa, a daidai waɗannan shekaru ne farin 1972 zuwa 1974 ya halaka dabbobi, ya koro jama'a daga Jamhuriyar Nijar da arewacin Sakkwato da Katsina da Kano zuwa garuruwa irin su Kaduna. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta da baƙin da suka riƙa kwana a zaurukan unguwa ba. Wannan fari ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977.

Kafa Ƙungiyar Dashen Itatuwa

Ranar 5 ga Yuni, 1977, wato Ranar Muhalli ta Duniya, Wangari da matan majalisar nan suka yi tattaki zuwa filin Kamukunji da ke Nairobi suka dasa itatuwa bakwai. Daga nan aka sami ƙungiyar Green Belt Movement, sunan da ke nuni ga layukan itatuwa da ake dasawa su yi wa gona ko makaranta ɗamara. Da farko jami'an gandun daji sun nuna cewa renon itace sai mai takardar shaida. Ita kuwa ta ga cewa macen da ta iya shuka wake da masara ba za ta gaza shuka iri a tsohon gwangwani ba. Matan suka riƙa tsintar irin itatuwan ƙasarsu a daji, suna reno a fasassun tukwane, suna raba wa maƙwabta.

Hikimar tsarin tana wurin biyan lada. Ba a biyan mace don ta haƙa rami ta dasa, sai an dawo bayan watanni an tarar dashen ya rayu, sannan a ba ta ɗan abin da ya samu. Duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itatuwa a ƙasar nan, inda babban baƙo zai dasa ɗaya a tafa, bayan mako biyu awaki su cinye sauran, ya san bambancin. Lokacin da aka ba ta lambar Nobel, an ƙiyasta cewa ƙungiyar ta dasa itatuwa fiye da miliyan 30.

Jarrabawar Rayuwa

Nasarar ba ta zo a banza ba. Aurenta ya mutu a kotu a 1979, kuma saboda sukar da ta yi wa alƙalin a wata hira aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta yi kwana uku a kurkuku kafin a sake ta. Tsohon mijin ya nemi ta daina amfani da sunansa, sai ta ƙara harafi ɗaya, Mathai ya koma Maathai. A 1982 ta ajiye aikin jami'a, kamar yadda doka ta tanada, domin ta tsaya takarar majalisa. Aka hana ta tsayawa bisa wata hujjar rajista, jami'a ta ƙi mayar da ita, aka kuma fitar da ita daga gidan ma'aikata. Tana da shekara 41, da 'ya'ya uku, ta wayi gari babu aiki, babu gida. A nan koyarwarta a Jami'ar Nairobi da bincikenta na kimiyya suka tsaya, kuma wannan asara ce da ya kamata mai sha'awar bin sawunta ya sani tun da wuri.

Daga Dashe Zuwa Siyasa

Sannu a hankali ta gane cewa talaka yana dasa bishiya ɗaya, mai mulki yana sa hannu a takarda ɗaya a sare dubu. A 1989 ta sami labarin cewa gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi za ta gina bene mai hawa 60, haɗe da mutum-mutumin shugaban, a cikin filin Uhuru, wurin da talakawan Nairobi ke zuwa shan iska. Ta rubuta wasiƙu ga ministoci da jaridu da hukumomin duniya, ta shigar da ƙara kotu ta yi watsi da ita. 'Yan majalisa suka yi ta yi mata gori da mutuwar aurenta, shugaban ƙasa da kansa ya zarge ta da rashin ladabin da ya dace da mace, aka kori ƙungiyarta daga ofishinta har ta mayar da ma'aikata cikin gidanta. Amma hayaniyar ta sa masu zuba jari na ƙasashen waje suka janye a 1990, ginin bai tashi ba.

A 1992 ta bi sahun wasu iyaye mata da ke yajin cin abinci a wani lungu na filin nan, suna neman a sako 'ya'yansu da aka tsare saboda siyasa. 'Yan sanda suka doke ta har ta suma. A 1997 ta tsaya takarar shugaban ƙasa da ta majalisa, ta faɗi duka biyun. A 1998 aka gano ana yanka dajin Karura da ke bakin Nairobi ana raba wa manya. Ranar 8 ga Janairu, 1999, ta je dajin da ɗan dashe a hannu, 'yan daba suka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, kuma a watan Agusta na shekarar gwamnati ta sanar da hana rabon filayen jama'a. Dajin ya tsira, daga baya aka killace shi aka buɗe wa masu ziyara.

Majalisa, Ma'aikata da Namun Daji

A zaɓen Disamba 2002, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyyar KANU, mazaɓar Tetu ta zaɓe ta da kashi 98 cikin ɗari na ƙuri'u. A Janairu 2003 Shugaba Mwai Kibaki ya naɗa ta mataimakiyar ministan muhalli, albarkatun ƙasa da namun daji, ta riƙe muƙamin har Nuwamba 2005.

Kenya ta haramta farautar namun daji tun 1977, a 1989 kuma ta ƙone haurin giwa tan 12 a bainar jama'a don nuna adawa da cinikinsa. Fahimtar Wangari ita ce hana maharbi kaɗai ba ya raya giwa, sai an tsare dajin da ke ba ta ruwa. Manyan kogunan ƙasar suna fitowa ne daga dazuzzukan tsaunuka biyar: Dutsen Kenya, Aberdare, Mau, Cherangani da Elgon. Kogin Mara, wanda namun gandun Maasai Mara suke sha, daga dajin Mau ya taso. Don haka ta yi adawa da sare itatuwan asali a maye gurbinsu da baƙin itatuwan katako irin su turare, masu shanye ruwan ƙasa, waɗanda tsuntsu da dabba ba sa samun abinci a cikinsu. A 2005 majalisa ta zartar da sabuwar dokar gandun daji da ta bai wa al'ummomin da ke kewaye da daji damar shiga cikin kula da shi.

A watan Oktoba 2004 aka sanar da ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta samu. Wasu sun yi mamakin abin da ya haɗa bishiya da zaman lafiya. Mu da muka ga yadda rigima kan burtali da mashaya da makiyaya ta rikiɗe ta zama zubar da jini a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Duk da wannan ɗaukaka, mutanen Tetu sun kayar da ita a zaɓen 2007, abin da ke nuna cewa yabon duniya ba ya zama ƙuri'a a akwatin ƙauye.

Rasuwarta

A 2010 Jami'ar Nairobi, wadda ta ƙi mayar da ita aiki a 1982, ta kafa cibiyar nazarin zaman lafiya da muhalli da sunanta. Ta rasu a Nairobi ranar 25 ga Satumba, 2011, tana da shekara 71, bayan fama da ciwon sankara. Bisa wasiyyarta, ba a sare bishiya don yi mata akwatin gawa ba, an saƙa shi ne da gora da ciyayin ruwa. A 2012 Tarayyar Afirka ta amince a riƙa tunawa da ita kowace ranar 3 ga Maris, tare da Ranar Muhalli ta Afirka.

Abin da Ya Shafe Mu

Ana cewa sunan Kaduna daga kadduna ya samo asali, kuma har yau kada ce alamar garin, amma yaran unguwarmu nawa ne suka taɓa ganin kada a kogi? Kawo da rimi sunayen itatuwa ne kafin su zama sunayen unguwanni, amma da yawa daga cikin ɗalibanmu ba za su iya nuna ko ɗaya ba. Buhunan gawayi da ke shigowa gari kullum daga wani daji suke. Ambaliyar da kogin Kaduna ya yi a 2003 da 2012 ta nuna mana sakamakon gini a hanyar ruwa.

Game da tambayar iyaye kuwa, hanyoyin aiki suna nan. A Afaka, nan kusa da mu, akwai kwalejin tarayya ta aikin gandun daji da injuna, a Jos akwai kwalejin gandun daji, a New Bussa akwai ta kula da namun daji. Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tana koyar da likitancin dabbobi, fannin da Wangari ta fito daga ciki, Jami'ar Bayero Kano kuma tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa. A cikin Kaduna akwai cibiyar binciken cutar sammore da cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa. Gandun Yankari, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe a 1956 aka buɗe a 1962, da gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, da dausayin Haɗeja da Nguru, duk suna buƙatar masana 'yan ƙasa masu jin harshen manomi da makiyayi. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wadda aka kafa a 1999, da hukumar shirin katangar itatuwa ta Afirka da aka kafa a 2015, wurare ne da ake yanke shawara kan makomar ƙasar Arewa. Idan 'ya'yanmu ba sa teburin, wasu ne za su yanke mana.

Ba za mu ɓoye cewa albashin waɗannan ayyuka ba shi da yawa ba, kuma rashin tsaro ya sa aikin daji ya zama mai haɗari, musamman a yankin Birnin Gwari. Wangari ma ba ta sami sauƙi ba. Amma abin da ya sa gwamnati ta kasa yin watsi da maganarta shi ne ta san abin da take faɗa, ta yi shekara goma sha shida a jami'a kafin ta tsaya gaban minista.

Kammalawa

Muna ba ƙungiyarmu shawara guda uku. Na farko, kwamitin ilimi ya keɓe gurbi a tallafin karatu ga ɗalibi ko ɗaliba da aka ba fannin gandun daji, namun daji ko muhalli. Na biyu, idan za mu yi dashe a daminar bana, a damƙa kowace bishiya ga gida ko aji guda, a ba da kyauta a watan Afrilu ga wanda tasa ta tsallake rani. Na uku, a nemo takardun filayen makarantu da maƙabarta da filin wasa na unguwa, a adana kwafinsu wurin mai unguwa da sakataren ƙungiya, tun kafin wata rana mu tashi mu ga an kafa turaku. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba mu damina mai amfani.